Ganyen Fita da Kwamfutar Adawiyya

Kwamfutar da ke shagon Ladan mai goro a Jugu tsohuwa ce, irin mai ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur. Ƙanensa ne ya kawo ta lokacin da ya rufe shagonsa na intanet ya koma Kotonu, ya ce a ajiye masa. Shekara biyu tana nan lulluɓe da tsohon zane, ba ta da wani aiki sai ɗaukar buta da carbi. Sai da Adawiyya ta zo hutun ƙarshen shekara daga jami'a a Paraku, ta yaye zanen, ta kakkaɓe ta, ta jona wuta, ta ce ai wannan da sauran ranta.

Adawiyya 'yar farin Ladan ce, saboda haka tun da aka haife ta bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Da tana ƙarama yakan ce "yarinyar nan", da ta shiga jami'a ya koma cewa "Malama". Ko da suna zaune ɗaki ɗaya, in yana da magana sai ya faɗa wa uwarta Saratu, ita kuma ta juya ta maimaita, alhali kowa ya ji. Haka ya tarar ana yi a gidansu, haka ubansa ya yi da babban wansu, bai kuwa taɓa ganin aibin abin ba. Sai dai shi mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. In mota ta yi latti ya riga ya hango ta a rami, in Saratu ta yi tari sau biyu ya fara tunanin asibiti. Mai irin wannan zuciya kuwa, a hana shi tambayar 'yarsa kai tsaye, ba ƙaramin aiki aka ba shi ba.

Kwana uku Adawiyya ta yi tana yi wa fuskar kwamfutar kwalliya. Ladan yana gefe a kan buzu yana zaɓen goro, yana ware mai sankara daga mai lafiya, kamar bai san ana yi ba, amma idonsa ɗaya na kan allon. Amininsa Jatau, mahaucin da ke tsallaken titi, shi ya zama ɗan kallo kuma mai ba da shawarar da ba a nema ba.

Da hoton bango aka fara. Ta nuna teku, ta nuna duwatsu masu ƙanƙara, ta nuna wata jar mota.

"A sa bijimi," in ji Jatau. "Ƙato, mai tozo, wanda in mutum ya gani zai tuna bai sayi nama ba."

"A shagon nawa za ka yi tallan naka?" in ji Ladan. "Ka sayi taka ka sa mata har kayan ciki."

A ƙarshe Adawiyya ta ɗauki faifai, ta jera farin goro da ja, ta yayyafa ruwa, ta kai bakin ƙofa inda hasken hantsi ke faɗowa, ta ɗauka da wayarta. Da hoton ya cika allon sai ka rantse za ka iya miƙa hannu ka ɗauki ɗaya. Ladan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa Jatau, "Na hagun nan daushe ne, bai kamata ya zauna cikin sababbi ba." Ta cire shi ta sake ɗauka tana murmushi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta shirya yadda ranar Juma'a hoton zai juya da kansa ya koma masallacin unguwarsu, ranar kasuwar Partago kuma ya koma jar hanyar da ke zuwa can. A sama ta sa agogo da manyan lambobi saboda idon Baba. A ƙarƙashinsa ta jera lokutan salla biyar, wadda ke tafe tana yin kore. A hagu ta sa 'yan akwatuna biyu masu nuna yanayi, ɗaya na Jugu, ɗaya na Paraku, da 'yar rana ko ɗan gajimare gwargwadon abin da sama ke ciki. Ta yi ta matsar da su, ta ƙara girman wannan, ta rage wancan, ta canja launin rubutu daga fari zuwa ruwan ƙwai don kada ya ɓace cikin farin goro. Ta jona kwamfutar da wata tsohuwar waya don ta riƙa samun intanet.

"Shekara talatin kana zuwa Partago," in ji Jatau, "yau sai inji ya gaya maka ranar kasuwa?"

"Kai da kake yanka ranar da ba kowa a gari, da ka samu irinta da ba ka yi ta kilishin dole ba."

A rana ta uku ta ƙara wani ɗan akwati a ƙasa, a kusurwar dama. Ɗan ɗigo ne kore, da hoton batir, da lamba ɗaya: hamsin da biyu. Ta juya wajen Jatau ta yi masa bayani, da murya mai ƙarfin da za ta isa kan buzu.

"Baba Jatau, wannan ba na wannan kwamfutar ba ne, na tawa ce ta hannu, wadda zan koma da ita Paraku. Shi ne aikin da zan gama karatu da shi: mutum yana wani gari ya ga lafiyar kwamfutar da ke wani gari. Ɗigon in kore ne tana kunne, in ya yi toka-toka a kashe take. Lambar nan kuma zafin cikinta ne. A watan biyar zan tsaya gaban malamai in nuna musu yana aiki, shi ne sutanans."

Ladan ya yi gyaran murya, ya dubi Jatau. Jatau ya gane.

"To Malama, in ta kai nawa ne abin tsoro?"

"In ta haura tamanin da biyar ta zauna a can, ba kyau. In ta kusa ɗari sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Amma ba za ta kai ba."

Ta koma Paraku, ta bar Ladan da abin da bai taɓa samu ba a shekara ukun da ta yi a can. Da safe in ya buɗe shago, kafin ya kwance huhun goro ko ɗaya, sai ya kunna kwamfuta. Ɗigo ya yi kore, sai ya san Malama ta tashi ta zauna aiki. Batir ya fara raguwa, ya san an ɗauke musu wuta ko ta fita da ita makaranta. In akwatin Paraku ya nuna gajimare sai ya leƙa cikin gida ya ce wa Saratu ta kira ta gaya wa mutanen can su kwashe shanya. Bai tambayi kowa komai ba, amma ya san yininta kusan kamar tana ɗakin baya. Har ƙiba ya ɗan yi. Masu sayen goro kuma suka mayar da shagon wurin duba lokaci. Har ladanin masallacin unguwa yakan leƙo ya ga ko agogonsa ya yi daidai, in bai yi ba ya ce na kwamfutar ne ke gudu.

Lambar zafin ce kaɗai ta hana shi sakat. Ya samu guntun alli, kullum bayan azahar sai ya rubuta ta a bayan ƙofa. Watan ɗaya, hamsin da 'yan kai. Watan biyu, sittin. Da watan uku ya raba, ta shiga saba'in.

Shi kuwa Ladan zafi ba baƙonsa ba ne. Kakanninsa da ayarin goro suka zo Jugu, kuma abu na farko da aka koya masa yana yaro shi ne cusa hannu cikin huhu. Goron da aka naɗe da ganyen fita, in lafiya yake, sanyi za ka ji. In ka ji ɗumi, akwai abin da ke lalacewa a tsakiya, ko da na saman yana sheƙi. Kuma ba ya sauka da kansa. Sai an kwance, an baza, an fitar da ruɓaɓɓe, an canja ganye, an yayyafa ruwa.

Ya sa Saratu ta tambaya. Amsa ta dawo cewa lafiya lau, bazara ce, kowa kwamfutarsa na zafi a Paraku. Ya duba akwatin yanayi, ya ga lallai garin ya kai arba'in, ya yarda, ko kuma ya yi ƙoƙarin yarda.

Sai aka yi ruwan farko. Kwana uku a jere akwatin Paraku yana nuna gajimare, zafin gari ya sauka zuwa ashirin da takwas. Ladan ya zura ido ya ga ko lambar Malama za ta bi sahu. Ba ta bi ba. Tamanin da shida. Washegari tamanin da tara. Ran nan da rana tsaka yana auna wa wata mata goro sai ya ga ɗigon ya yi toka-toka. Bayan ɗan lokaci ya dawo kore. Kafin la'asar ya sake mutuwa ya dawo.

"Gari ya huce, ita ba ta huce ba," ya ce wa Jatau. "Ba daga waje ba ne, daga ciki ne."

"To kira ta mana ka gaya mata."

"Ni?"

"A'a, ni. Kai dai da kunyarku ta mutanen goro. Ni tawa 'yar farin har faɗa muke yi a kan kuɗin gishiri."

"Shi ya sa ta yi kama da kai."

Saura kwana tara sutanans. Ladan ya san abin da ke cikin wannan kwamfutar: shekara uku na karatu, da aikin da dole malamai su gani yana motsi a gabansu. In ta mutu a ranar, sai wata shekara, in ma an yarda. Ya sake sa Saratu ta kira. Amsar dai ita ce: a gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa.

Da asuba bayan salla ya ɗaure ƙaramar waga, wato kwandon goro, ya ce zai kai wa wani mai saye a Paraku. Saratu ta tsaya tana kallonsa yana zaɓar ganyen fita mafi faɗi, yana naɗewa daban, ya haɗa da sabon buhun algarara.

"Malam, mai sayen naka har ganye ya ce a ƙaro masa?"

"Ya ce."

"To a gaishe shi. A ce uwarsa na gaishe shi."

Motar ta cika da wuri. Bai yi barci a hanya ba, bai kuma tanka wa masu gardamar ƙwallo a bayansa ba. Kafin hantsi ya yi zafi zem, ɗan acaɓan can, ya sauke shi a unguwar Albarika, ƙofar gidan ƙanwarsa Bashira, inda Adawiyya ke zaune.

Sana'ar Bashira ɗinkin matashi da katifa. Lokacin kuwa audugar rimi ta samu, tsakar gidan cike yake da buhuna. Tana zaune ta ɗaure hanci da gyale tana bugun audugar da sanda, farin gashin yana tashi yana yawo a iska, yana sauka a kan randa, a kan igiyar shanya, har a girarta.

"Lale, lale! Yaya, kai ne ba sanarwa? Lafiya dai?"

"Lafiya. Goro na kawo wa wani."

"Wane ne?"

"Ba ki san shi ba."

Ta kawo ruwa, suka gaisa, ya tambayi maigidanta da yara, sai can ya ce, "Mutanen gidan ba sa nan?"

"Ta tafi wajen masu buga takarda, a ɗinke mata littafin nata. Yanzu za ta dawo. Ga abar tata can ta bari a kunne, ta ce ko ƙuda kada ya sauka a kai."

Ya shiga ɗakin. Tebur ɗaya ne, keken ɗinkin Bashira ya cinye shi. Kwamfutar tana kan gado, a kan wani sabon matashi mai laushi, ta nutse a ciki kamar kaza a kan ƙwai. Tun daga bakin ƙofa ya ji kukanta, wani siririn gurnani marar tsayawa. Ya durƙusa ya sa bayan hannunsa a gefenta, ya janye da sauri.

Ya dubi allon. Nata kwalliyar ta fi tasa nesa ba kusa ba. Bangon shuɗi ne mai duhu, da 'yan layuka masu hawa da sauka kamar numfashi, da zobba masu juyawa, da jerin ayyukan da ta gama an soke su, da ƙidayar kwanakin da suka rage: takwas. Ya nemi lambar zafi a kusurwar dama inda tasa take. Babu. A wurin sai hoton wata 'yar mage tana barci cikin kwano.

Bai tsaya dogon tunani ba. Ya fita ya jiƙa buhun algarara a bakin randa, ya matse shi sosai, ya dawo ya shimfiɗa a ƙasa. Ya jera ganyen fita a kai, gefen mai santsi a sama, yadda ake yi wa marsa, manyan goron da ake kai wa sarakuna. Ya ɗauko kwamfutar a hankali da hannu biyu, ya ɗora a tsakiya, ya naɗo ganyen ta gefe da gefe. Bashira ta biyo shi da kofin ruwa.

"Yaya, kana ganin abin nan yana son ruwa kuwa?"

"Ba jiƙa ta zan yi ba. Yayyafi ne, a kan ganye."

Ya tsoma yatsunsa a kofin, ya ɗaga hannu.

"Baba!"

Tun da take ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Adawiyya ta zubar da takardun da ke hannunta a bakin ƙofa, ta yi tsalle ɗaya ta sure kwamfutar daga cikin ganyen, ta juya ta tana duba ƙasanta, tana shafawa da gefen mayafinta. Ruwa bai taɓa ta ba. Sai a lokacin ta tuna wanda ta yi wa tsawa. Ta durƙusa, kwamfutar a ƙirjinta, ta sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau," ya ce, yana kallon bango, yatsunsa na ɗigar ruwa. Ya juya ga Bashira. "Ki tambaye ta ina lambar take."

"Wace lamba kuma?"

"Ta sani."

Adawiyya ta ajiye kwamfutar a kan tabarma, ta sa yatsa ta ja hoton magen gefe. Lambar na nan a ƙarƙashi, ja wur: casa'in da huɗu.

"Gwaggo, ki ce masa na sani," ta ce a hankali. "Tun watan uku na sani. In na kalle ta sai gabana ya yi ta faɗuwa, in kasa rubuta komai. Shi ne na rufe ta. Na ce in dai ta kai ni ranar, shi ke nan."

"Ki ce mata ta mutu sau biyu shekaranjiya."

"Ki ce masa sau uku ne. Ɗaya bai buɗe shago ba tukuna."

"Ki tambaye ta me ya hana a buɗe cikinta a duba."

"Ki ce masa na taɓa buɗe ta wata ƙawata, na tsinke wata 'yar waya, ba ta sake tashi ba. In na taɓa wannan yanzu ta ƙi tashi fa? Masu gyara kuma sai su riƙe ta sati."

Bashira ta dire kofin a ƙasa.

"Ku ji ni da kyau. Ni ba wayar tarho ba ce. Ga ka ga ta, taku biyu tsakaninku. Auduga na jirana." Ta fita, amma ba ta yi nisa ba, ta tsaya a bayan labule.

Ladan ya dubi ganyensa da buhunsa, ya ga dai wautar da ya so ya tafka, kunya ta kama shi. Amma da ya tuna yarinyar nan ta yi wata biyu tana ɗauke da irin faɗuwar gaban da ya sani sarai, ita kaɗai, har ta sa mage ta rufe, sai kunyar ta koma wani abu daban. Ashe ba hancinsa kaɗai ta gado ba.

Ya yi magana yana kallon kwamfutar, kamar da ita yake.

"Abin da aka rubuta, akwai shi a wani wuri in wannan ta ƙi tashi?"

"Akwai, Baba. Wuri biyu."

"To ni ban san cikin wannan ba. Amma in huhu ya ɗau zafi, ranar nake kwance shi. Ban taɓa jira ya huce ba. A kashe ta. Mai ilimin ta nuna inda za a taɓa da inda ba za a taɓa ba, ni hannuna ba ya rawa."

Ta kashe ta, suka jira ta huce. Ta ɗauko 'yan ƙananan sukundireba daga jakarta. Ladan ya sa Bashira ta kawo faifai, duk ƙusar da aka kwance sai ya ajiye ta a kan faifan daidai inda take a jikin kwamfutar, ta kusurwa a kusurwa, ta tsakiya a tsakiya. Da aka zo ɗaga murfin, sai Adawiyya ta miƙa wa Ladan. Ya karɓa. Ta nuna masa bakin da zai bi, ya sa farcen babban yatsansa, wanda ya shekara talatin yana ɓare goro ba tare da ya ji wa ƙwaya rauni ba, ya bi gefen a hankali har murfin ya saki.

Ba sai an yi musu bayani ba. 'Yar fankar da ke ciki ta shaƙe da audugar rimi. A bakin ramin da iska ke fita kuwa audugar ta dunƙule ta yi baƙi, ta zama kamar guntun bargo.

"Gwaggo, zo ki ga kayanki," in ji Adawiyya.

Bashira ta leƙo. "Kai! A ba ni abina, ya isa matashin ɓera."

Adawiyya ta cire wayar batir, ta danne fankar da yatsa don kada ta juya. Ladan ya karɓi allura da gashin kaza, ya shiga tsintar audugar fiffike bayan fiffike, ba gaggawa, yadda yake bin goro ɗaya-ɗaya. Sai da ya ɗaga ramin wajen taga ya ga haske yana ratsawa sannan ya yarda an gama. Suka mayar da murfi, kowace ƙusa ta koma gidanta.

Ta sa yatsa a kan maɓallin, ta kasa dannawa.

"Bismillah," in ji Ladan.

Ta danna. Allon ya yi baƙi na ɗan lokacin da ya isa Ladan ya hango shekara guda ta lalace a hannunsa. Sai shuɗin bangon ya bayyana, zobban suka fara juyawa. Gurnanin ya tafi, sai wata 'yar iska mai laushi. Ta kunna aikinta gaba ɗaya, suka zuba wa lambar ido su uku. Arba'in da takwas. Hamsin da biyar. Sittin da ɗaya. Ta tsaya nan.

Adawiyya ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ko kuka, Ladan bai duba ba. Ya juye goron da ke cikin wagar a kan ganye, ya ce na Bashira ne, mai sayen ya fasa. Ya kife wagar a ƙasa, ya ɗora kwamfutar a kan gindinta mai ramuka, inda iska za ta shiga ta ko'ina. Lambar ta ƙara sauka da uku.

"A daina ɗora ta a kan matashi," ya ce wa waga. "A kuma riƙa rufe ƙofa in ana bugu."

"To, Baba. Magen fa, a cire ta?"

"A bar ta. A dai matsar da ita gefe."

Ya ci tuwon Bashira, ya yi azahar a masallacin unguwa, ya kama motar yamma.

Ranar sutanans ta faɗo ranar kasuwar Partago. Da ya kunna kwamfuta da safe jar hanya ta cika allon, amma bai je ko'ina ba. An ce ƙarfe goma za ta shiga. Tun tara da rabi Jatau ya bar wa ƙanensa teburin nama ya tsallako ya zauna a kan benci.

Ɗigon ya yi kore ƙarfe goma saura biyar. Hamsin da huɗu. Batir a cike.

"Yanzu su ma suna ganin tamu a can?" in ji Jatau.

"Haka aka ce. Da tamu za ta nuna musu aikin."

Jatau ya gyara hularsa, ya miƙe zaune.

"Ba kai suke gani ba, sakarai. Zafin akwatin nan suke gani."

"Ina ruwanka? Mutum ya kasance cikin shiri."

Sittin. Sittin da uku. Wata tsohuwa ta zo sayen goron suna, Ladan ya auna mata idonsa na kan kusurwar dama, har sai da ta ce masa ɗan nan ka ba ni ja ne, fari na ce. Sittin da biyar. Sittin da biyu. Lambar ta yi ta kai da kawo a nan, ba ta ƙara haurawa ba, har agogon sama ya nuna sha ɗaya da kwata. Sai ɗigon ya yi toka-toka.

"Ta mutu ne ko an kashe ta?" in ji Jatau.

"A sittin da biyu ba ta mutuwa. An gama ne."

Ya faɗi haka da ƙarfin gwiwa, amma bai iya zama ba. Ya kwance huhun da ya riga ya duba jiya, ya baza, ya fara zaɓe. Wayarsa na aljihu, ya san ba za ta yi ƙara ba, ba ta nan labarin zai biyo ba. Minti ashirin, talatin.

Daga cikin gida, ta bayan katangar shagon, ya ji wayar Saratu ta yi ƙara. Ya ji ta ce "Na'am?", sai guɗa ta tashi, doguwa, har kajin maƙwabta suka watse.

Jatau ya buga cinya ya miƙe. "Alhamdu lillahi! Tashi mana, mutumin banza, ka shiga ka ji da kunnenka!"

"Za a kawo mini," in ji Ladan.

Ya ci gaba da zaɓen goro, amma hannun nan da ba ya rawa sai da ya zubar da guda uku. Ya ɗebi marsa cike da tafi biyu, farare, ya zuba wa Jatau a gaban riga, ya ce ya bi layin ya raba wa duk wanda ya gani.